Yadda Tsohon Sojan Amurka Zai Nemi Diyyar Nakasa Daga VA, Mataki-Mataki

Tun da 'ya'yanmu da ƙannenmu mazauna Amurka suka fara shiga aikin soja, wasu da katin zama na dindindin, wasu kuma haifaffun can, tambaya ɗaya ke ta dawowa: mutum ya gama aiki, ya fito da ciwon baya ko na gwiwa, ko barci ya ƙaurace masa, ta ina zai fara neman haƙƙinsa? Sau da yawa ma ba mai ciwon ke tambaya ba. Matarsa ce, ko yayansa, ko mahaifiyarsa da ta lura yaron ya canza.

Hukumar da ke biyan wannan kuɗi ita ce Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta Amurka, wadda kowa ke kira VA. Kuɗi ne na wata-wata, ba a cire masa haraji, ba a duba ko kana da wani aiki ko nawa kake samu, kuma ba sharaɗi ba ne sai ka je fagen daga. Wanda ya goce a wajen atisaye ya ji ciwo a kafaɗa yana da damar nema kamar wanda ya ji rauni a Iraƙi. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, ma'aikacin da zai yanke hukunci a kanka ba zai taɓa ganinka ba. Fayil zai gani. Ciwon da ba a rubuta ba, a wurinsa babu shi, komai tsananinsa. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na mayar da abin da ke jikinka zuwa takarda.

1. Duba takardar sallamarka

Nemo DD214, takardar da aka ba ka ranar da ka bar aiki. A jikinta akwai kwanakin aikinka, da lambobin yabo, da irin sallamar da aka yi maka. Sallamar girmamawa da sallama ta gama-gari duk suna buɗe ƙofa. Korar wulaƙanci ce ke rufe ta. Idan taka ta faɗa tsakani, kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka nema, VA ce za ta duba yanayin sallamar ta ce ka cancanta ko a'a.

Idan takardar ta ɓace, ana neman kwafi da fom SF-180 daga cibiyar ajiye bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, kuma tsohon soja ba ya biyan kuɗi kan wannan.

Gargaɗi ga sojojin ko-ta-kwana da dakarun jihohi: ku ajiye takardun umarnin kiranku aiki. Dole a nuna cewa ciwon ya faru ne a lokacin da kuke bakin aiki ko atisaye, ba kuna gida ba.

2. Kama rana kafin komai

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi, kuma shi ne wanda aka fi yin asarar kuɗi a kansa. Akwai fom 21-0966, na bayyana niyyar nema. Da zarar VA ta karɓe shi, ta rubuta wannan ranar, kana da shekara ɗaya cur ka tara shaidu ka shigar da cikakkiyar buƙata. Idan aka amince, za a lissafa kuɗinka daga lokacin da ka bayyana niyyar, a biya ka bashin baya a dunƙule. Misali, ka bayyana niyya a watan Maris, ka kammala takardu a Disamba, aka yanke hukunci a Afrilun shekara mai zuwa: kuɗinka ya fara taruwa tun daga Afrilun bara, wato watan da ya biyo bayan wanda ka bayyana niyya. Ana iya yi ta waya a 800-827-1000, kuma fara cike fom ɗin nema a shafin VA.gov shi ma yana kama maka ranar.

Wanda bai cika shekara da barin aiki ba, ya gaggauta. Idan buƙatarsa ta shiga cikin wannan shekara ta farko, ana lissafa masa daga washegarin ranar sallama. Wanda kuma yake cikin kaki har yanzu, akwai shirin da ke ba shi damar nema tun saura kwana 180 zuwa 90 ya fita, a yi masa gwaje-gwaje yana bakin aiki. A ganina babu hanyar da ta fi wannan sauƙi, domin fayil ɗin asibitinka yana kusa, abokan aikinka ma suna kusa.

Gargaɗi: idan shekarar ta cika ba ka shigar da komai ba, ranar ta tafi, sai ka kama sabuwa.

3. Samu wakili, amma kada ka biya

Neman diyya kyauta ne, babu kuɗin fom, babu kuɗin gwaji. Akwai ƙungiyoyin 'yan mazan jiya da VA ta amince da su, irin su DAV da VFW da American Legion, da kuma ofisoshin tsoffin sojoji na jihohi da gundumomi. Suna taimakawa kyauta ko da kai ba ɗan ƙungiyarsu ba ne. Da fom 21-22 kake naɗa su wakilanka, daga nan su iya duba fayil ɗinka a cikin na'urar VA, su ga abin da kai ba ka iya gani daga gida.

Lauya ko wakili mai lasisin VA ba shi da ikon karɓar kuɗi a kan buƙatar farko. Sai bayan an yanke hukunci, idan za a ƙalubalance shi, sannan zai iya caji, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 cikin 100 na bashin baya. Idan ya haura kashi ɗaya bisa uku, doka na ɗaukarsa a matsayin wuce gona da iri.

Gargaɗi: akwai kamfanoni marasa lasisi da ke talla a Facebook da YouTube, suna alƙawarin kai ka kashi 100, wato makin nakasa mafi girma da VA ke bayarwa, sannan su nemi ka biya su ninkin ƙarin da ka samu na watanni da dama. Kafin ka sa hannu a wata yarjejeniya, duba sunan mutumin a jerin wakilan da VA ta tantance, yana nan a shafinta. Kuma kada ka ba kowa lambar sirrin shiga asusunka na VA.

4. Jera ciwukanka, ka san ƙofar da kowanne zai bi

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke damunka daga kai zuwa ƙafa: ciwon kai mai sara, ƙarar da ba ta yankewa a cikin kunne, raguwar ji, wuya, baya, gwiwoyi, tafin ƙafa, numfashi, ciki, fata, barci, fushi, mantuwa. Sannan ga kowanne ka tambayi kanka ta wace hanya ya haɗu da aikin soja. Hanyoyin huɗu ne.

Ta farko ita ce kai-tsaye, kuma tana buƙatar abu uku tare: likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu, akwai abin da ya faru ko ya fara a lokacin aiki, sannan akwai bayanin likita da ya ƙulla biyun. Da yawa daga cikin buƙatun da ake ƙi, na ukun ne ya ɓace. Mutum yana da hoton baya na bana, yana da rubutun faɗuwarsa a 2012, amma babu likitan da ya ce wancan ne ya haifi wannan.

Ta biyu ita ce ciwon da wani ciwo ya haifa. Gwiwar dama da ta lalace a soja ta sa ka ɗingishi shekara da shekaru har ƙugu da gwiwar hagu suka kama. Ciwon suga ya taɓa jijiyoyin ƙafa. Raɗaɗin da ba ya sauka ya jefa mutum cikin ciwon damuwa. Magungunan kashe zafi sun ɓata ciki. Duk waɗannan ana biyan su, kuma mutane da yawa ba su san da su ba.

Ta uku, ciwon da ka shigo da shi amma aikin soja ya tsananta shi fiye da yadda zai tsananta da kansa.

Ta huɗu ita ce mafi sauƙi ga wanda ya dace da ita: cututtukan da doka ta riga ta ɗauka cewa aiki ne ya jawo su, ba sai ka kawo hujjar alaƙa ba. Wasu cututtuka masu daɗewa kamar hawan jini da ciwon suga da amosanin gaɓɓai da gyambon ciki, idan suka bayyana cikin shekara ɗaya da sallama har suka kai matakin kashi 10, suna shiga nan. Sai kuma dokar PACT da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022, saboda hayaƙin ramukan da ake ƙona shara a sansanoni. Ta shafi waɗanda suka yi aiki tun daga 2 ga Agusta 1990 a Iraƙi, Kuwait, Saudiyya, Bahrain, Ƙatar, Oman, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Somaliya, da kuma tun daga 11 ga Satumba 2001 a Afganistan, Jibuti, Masar, Jodan, Labanon, Siriya, Uzbekistan da Yaman. Cututtukan sun haɗa da asma da aka gano bayan aiki, da toshewar hanci da kumburin kogon hanci masu daɗewa, da cututtukan huhu da dama, da nau'o'in ciwon daji masu yawa. Wanda aka taɓa ƙi masa ɗaya daga cikin waɗannan kafin 2022 ya sake nema.

Gargaɗi: Nijar ba ta cikin wannan jeri. Wanda ya yi aiki a sansanin Agadez ko na Yamai kafin sojojin Amurka su fice a 2024, ya shaƙi ƙura da hayaƙi, bai rasa damarsa ba, amma ta ƙofar farko zai bi, da shaida da bayanin likita.

Wani gargaɗin: kada ka cusa ciwo talatin don a ce ka nema da yawa. Wanda babu likitan da ya taɓa duba shi, je a duba shi tukuna.

5. Tara shaidu

Doka ta ɗora wa VA nauyin taimaka maka wajen nemo bayanan da ke hannun gwamnati, wato fayil ɗin asibitin soja da na asibitocin VA. Duk da haka nemi kwafinka ka karanta da kanka, ka sa alama a shafukan da suka ambaci ciwonka. Fayil mai shafi dubu, ba kowane ma'aikaci ne zai tono layi biyu da wani ma'aikacin jinya ya rubuta a sansani shekara goma da suka wuce ba.

Bayanan asibitoci masu zaman kansu kuwa, ko ka karɓo su ka aika, ko ka cike fom 21-4142 da 21-4142a ka ba VA izinin nema. Na fi son mutum ya karɓo da kansa, don asibiti na iya yin shiru, VA ta yanke hukunci ba tare da su ba. Idan an taɓa duba ka a gida lokacin hutu, a Kano ko Kumasi ko Damagaram, nemi rahoto a kan takarda mai tambarin asibitin, da kwanan wata da sunan cutar. Idan da Faransanci aka rubuta, haɗa da fassarar Turanci.

To, idan ba ka taɓa zuwa asibitin soja ba fa? Wannan matsalar ta zama ruwan dare, don soja ba ya son a ce masa rago, ya sha ƙwaya ya koma layi. A nan shaidar mutane ke aiki. Da fom 21-10210, abokin aikin da ya ga lokacin da ka faɗo daga mota, ko wanda kuka kwana tanti ɗaya yana jin tarinka, zai rubuta abin da ya gani. Matarka za ta rubuta yadda kake kafin tafiya da yadda ka dawo. Kai ma ka rubuta naka bayanin a fom 21-4138: yaushe ya fara, a ina, me kake yi, yaya ya ci gaba har yau, me ya hana ka yi.

Gargaɗi: mai ba da shaida ya faɗi abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. “Yana tashi da ihu sau uku a mako, ya daina tuƙi da dare” ya fi “yana da ciwon ƙwaƙwalwa” nauyi nesa ba kusa ba, domin ba likita ba ne da zai sanya wa cuta suna.

Sai bayanin likita mai ƙulla ciwo da aiki. Ma'aunin VA a nan yana da sassauci: ba a buƙatar tabbas, ya isa likita ya ce yiwuwar aikin soja ne ya jawo ta kai rabi, kashi 50 cikin 100. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce a bai wa tsohon soja. Amma dole likitan ya nuna ya karanta fayil ɗinka, ya kuma kawo dalili. Wasiƙa mai layi biyu da ta ce “mai yiwuwa” ba ta da amfani. Fara da likitanka na yau da kullum. Likitoci masu rubuta irin wannan don kuɗi suna karɓar ɗaruruwan daloli, wani lokaci fiye da dubu, kuma ba kowace buƙata ke bukatarsu ba. Sau da yawa likitan gwajin VA ne zai ba da wannan ra'ayin kyauta. Ajiye kuɗinka sai idan an ƙi ka a kan wannan dalilin.

6. Idan ciwon na zuciya da tunani ne

A nan mutanenmu suka fi cutar kansu. Mutum ya dawo ba ya shiga taro, yana zama inda zai ga ƙofa, ƙarar wasan wuta ta sa shi kwanciya ƙasa, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A gida a ce sammu ne ko iska, a nemo rubutu da ruƙiyya, kuma a rufe maganar don kada a ce akwai taɓin hankali a dangi. Ban ce kowa ya bar addu'a ba. Amma VA ba ta biya sai likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam ya duba ya rubuta sunan cutar: ciwon firgici bayan tashin hankali, wato PTSD, ko ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani.

Saboda haka fara da neman magani. Cibiyoyin Vet Center suna ba da shawara kyauta ga waɗanda suka yi aiki a yankin yaƙi da iyalansu. Kowane zama da aka rubuta, magani ne kuma shaida ne.

Fom ɗin wannan ɓangaren shi ne 21-0781, inda za ka bayyana abin da ya faru: wuri, rundunarka, da lokaci gwargwadon yadda kake tunawa. Ga wanda ya yi yaƙi, ko wanda ya zauna cikin tsoron harin abokan gaba kamar ruwan rokoki ko bama-baman gefen hanya, an sassauta ƙa'ida: maganarsa na iya isa idan ta dace da inda ya yi aiki kuma likitan VA ya gaskata alaƙar. Ga wanda aka ci zarafinsa ta hanyar lalata a lokacin aiki, mace ko namiji, VA ta san yawanci ba a kai ƙara. Don haka tana karɓar alamu na gefe: neman canjin wurin aiki ba zato, faɗuwar ƙwazo, gwajin ciki ko na cututtukan sanyi, saƙon da aka aika wa wata aminiya a lokacin, ko magana da limamin sansani. Maganin wannan kyauta ne a VA ko da ba a amince da diyya ba.

Ka san kuma cewa duk cututtukan tunani maki ɗaya ake ba su a haɗe, 0 ko 10 ko 30 ko 50 ko 70 ko 100, kuma ba sunan cutar ake aunawa ba, illar da ta yi wa aikinka da zamanka da mutane ake aunawa.

Gargaɗi: kada ka ɓoye shan giya ko ƙwaya saboda kunya. Idan ciwon firgici ne ya kai ka ga hakan, likita na buƙatar sani, kuma ba ya rushe buƙatarka. Idan kuwa tunanin kashe kai yana zuwa maka, kada ka jira wani fom: a Amurka kira 988 ka danna 1, dare ko rana.

7. Cike fom ɗin nema ka aika

Babban fom ɗin shi ne 21-526EZ. Hanya mafi sauri ita ce VA.gov, da asusun Login.gov ko ID.me. Ana iya aikawa ta gidan waya zuwa cibiyar karɓar buƙatu da ke Janesville a jihar Wisconsin, ko a kai ofishin VA na yanki, ko wakilinka ya shigar. Rubuta kowane ciwo daban, ka fayyace dama ko hagu, ka kuma nuna wanda wani ciwo ne ya haife shi. Sa lambar asusun banki. Aika kwafi, riƙe na asali, ka adana shaidar cewa an karɓa.

Gargaɗi: idan ka canza gida ko lambar waya, sanar da VA a ranar. Wasiƙar gwaji da ta tafi tsohon adireshi ta sha kashe buƙata mai kyau.

8. Ranar gwajin likita

Bayan an karɓi buƙatarka, galibi za a kira ka gwajin da ake kira C&P, ko a asibitin VA ko a wurin wani kamfani da ta ba kwangila. Ba magani za a ba ka ba. Likitan yana cike wata takardar tambayoyi ce da mai yanke hukunci zai dogara da ita, kuma wani gwajin bai fi minti ashirin ba. Ba ka biyan komai, har ma kana iya neman a mayar maka da kuɗin mota.

Mu an tarbiyyantar da mu a kan dauriya. A tambaye ka jiki, ka ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da daren jiya ba ka runtsa ba. Gaisuwa ce mai kyau a ƙofar gida, amma a ɗakin nan likita zai rubuta cewa ka ce kana samun sauƙi. Gode wa Allah a zuciyarka, sannan ka faɗa wa likita gaskiya dalla-dalla: sau nawa a mako ciwon ke tashi, awa nawa yake ɗauka, kwana nawa ka rasa a wurin aiki, minti nawa kake iya tsayuwa. Idan ka koma yin salla a kan kujera saboda ba ka iya ruku'u da sujada, faɗa, domin bayani ne ƙarara na yadda gwiwa da baya suka daina lanƙwasuwa. Idan ranar gwajin ta zo da sauƙi, ka ce yau da dama-dama, amma ga yadda ranaku marasa kyau suke.

A gwajin gaɓɓai, likita zai auna iyakar lanƙwasuwa da ma'auni. Faɗa masa daidai inda zafin ya fara. Kada ka cije ka ƙarasa don nuna jarumta, domin da wannan awon ake ba da maki. A gwajin tunani kuma, kada ka je ka nuna komai lafiya. Faɗi yadda zamanka da matarka yake, da abokan da ka yanke, da aikin da ka bari ko aka sallame ka. Rubuta abubuwan a takarda ka tafi da ita, don mutum na mantuwa a gaban likita.

Gargaɗi: kada ka ƙara gishiri. Likitocin nan suna lura da yadda ka shigo da yadda ka zauna, kuma ƙarya a buƙatar kuɗin gwamnati laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Gargaɗi na biyu: kada ka ƙi zuwa. Idan ranar ba ta yi maka ba, kira tun da wuri a canza. Idan ka yi fashi ba dalili, a buƙatar farko za a yanke hukunci da abin da ke fayil kawai, a buƙatar ƙari kuma ana iya ƙi kai-tsaye. Da ka fito, rubuta abin da aka yi da wanda ba a yi ba, zai yi amfani idan gwajin bai yi adalci ba.

9. Karanta wasiƙar hukunci har ƙarshe

Jira na ɗaukar watanni, kana iya bibiya a VA.gov. Idan wasiƙa ta zo, za ta nuna kowane ciwo, an amince ko an ƙi, makinsa, ranar da ya fara aiki, da dalili. Maki daga 0 zuwa 100 ne, goma-goma.

Lissafin haɗawa yana rikita mutane. Ba a tara 50 da 30 a ce 80. Ana cire 50 daga 100, saura 50. A ɗauki kashi 30 na wannan saura, wato 15. A haɗa ya zama 65, a kai shi 70. Idan aka ƙara wani ciwo mai kashi 10, sai a ɗauki goma bisa ɗari na 35 da ya rage, jimla ta kusan 69, har yanzu 70 ke nan. Shi ya sa hawa daga 90 zuwa 100 ke da wuya ƙwarai.

A farashin da ya fara aiki ranar 1 ga Disamba 2024, tsohon soja marar iyali ya riƙa karɓar dala 175.51 a wata a kashi 10, dala 1,102.04 a kashi 50, dala 1,759.19 a kashi 70, da dala 3,831.30 a kashi 100. Ana daidaita kuɗin da tsadar rayuwa, sabon farashi kan fara a Disamba.

Kada ka raina kashi 0. Ba kuɗi, amma VA ta amsa cewa aiki ne ya jawo ciwon, za ta yi maganinsa, kuma in ya tsananta ƙari kawai za ka nema. Wanda kuma ciwonsa ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa, yana iya neman a biya shi kamar mai kashi 100 da fom 21-8940, idan yana da ciwo ɗaya mai 60, ko jimla 70 da ɗaya a ciki mai 40.

Gargaɗi: idan an ba ka kuɗin sallama a dunƙule lokacin barin aiki, VA na iya riƙe diyyarka har sai ta cire shi. Ba kuskure ba ne, ka shirya masa.

10. Idan an ƙi, ko makin ya yi ƙasa

Tun daga Fabrairu 2019 hanyoyi uku ne, kuma dalilin da aka rubuta a wasiƙar ne zai nuna maka wadda za ka bi. Idan an ce babu shaida, nemo sabuwa ka shigar da ƙarin buƙata da fom 20-0995. Idan shaidar tana nan amma an yi mata mummunan karatu ko an tsallake ta, nemi babban ma'aikaci ya sake dubawa da fom 20-0996. A nan ba a karɓar sabuwar shaida, amma kana iya neman a kira ka ko wakilinka a waya ku nuna inda aka kuskure. Ta uku ita ce ɗaukaka ƙara zuwa hukumar alƙalan VA da fom 10182, inda za ka zaɓi a duba fayil kawai, ko ka ƙara shaida, ko a saurare ka. Ita ce mafi jinkiri, musamman idan ka zaɓi sauraro. Bayan ita akwai kotun ɗaukaka ƙarar tsoffin sojoji, kuma kwana 120 kawai ake da su a kai can.

Kafin ka zaɓa, nemi kwafin fayil ɗinka da fom 20-10206, ka karanta abin da likitan gwaji ya rubuta.

Gargaɗi: shekara ɗaya kake da ita daga ranar da ke jikin wasiƙar. Idan ka motsa a cikinta, ranarka ta farko tana nan da duk bashin bayanta. Idan ta wuce, kana iya sake nema da sabuwar shaida, amma galibi lissafi zai fara daga sabuwar rana. Sannan duk lokacin da ka nemi ƙari, VA na iya sake auna ciwon, in ta ga ya yi sauƙi ta rage. Nemi ƙari idan rahoton asibiti ya nuna tsananta, ba don wani aboki ya samu fiye da kai ba.

11. Iyali da masu komawa gida

Daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara kuɗi saboda iyali, amma sai ka sanar. Fom 21-686c na mata ko miji da 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 18 ne, 21-674 na ɗan da ke makaranta har zuwa 23, sai 21P-509 na iyayen da suka dogara da kai, abin da ya shafi da yawa daga cikinmu masu aika kuɗin cefane gida kowane wata. Tanadi takardar aure da takardun haihuwa. Idan aure ya mutu ko yaro ya bar makaranta, sanar nan take, in ba haka ba VA za ta bi ka bashin abin da ta biya fiye da ƙima.

Komawa Najeriya ko Nijar ko Gana ba ya yanke diyya, kuma ana iya shigar da buƙata daga can ta intanet. Akwai shirin VA na jinya a ƙasashen waje da ke biyan kuɗin maganin cututtukan da aka amince aiki ne ya jawo su, amma sai ka yi rajista, kuma bai shafi sauran cututtuka ba. Gwajin likita a waje kamfanonin kwangila ke shirya shi, yana iya ɗaukar lokaci ko ya buƙaci tafiya wani gari. Wanda ke shirin tattarawa ya koma, ya fi masa ya gama gwaje-gwajensa a Amurka, ya tabbatar zai iya shiga asusunsa na VA.gov ba tare da lambar wayar Amurka ba, ya kuma bar adireshin da wasiƙa za ta same shi.